Rakun a Idon Matafiyan Farko: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙu huɗu ne suka iso wannan fili a kan dabba guda, wato rakun, dabbar nan ta nahiyar Amurka mai baƙin zane a kewayen idanu kamar wanda ya rambaɗa kwalli, da jela mai zobe-zobe. Da yake tambayoyin sun shiga juna, na ga ya fi dacewa in haɗa su wuri ɗaya, ina taƙaita kowace wasiƙa kafin in amsa ta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce mai koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Tudun Wada, Kaduna. Muna darasin yadda masana ke raɗa wa dabbobi suna, sai na kawo misali da rakun, wanda sunansa na kimiyya shi ne Procyon lotor. Wata ɗaliba ta tambaye ni wane ne ya fara rubuta labarin wannan dabba da kuma asalin sunanta, na ce ta ba ni mako guda. Ina neman taimako kafin wa'adin ya cika.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Madalla da malamar da ba ta jin kunyar ce wa ɗaliba ta dakata a bincika. Abu na farko da za ki faɗa mata shi ne cewa mutanen da ke zaune a Amurka tun kafin zuwan Turawa sun san rakun ciki da waje, suna farautarsa, suna ɗinka tufa da fatarsa, kuma kowace al'umma tana da sunan da take kiransa. Abin da matafiyan Turai suka yi shi ne sauke wani ɓangare na wannan sani a takarda, suka gauraya shi da abin da idonsu ya gani da kuma abin da zuciyarsu ta raya musu.

Akan ce ayarin matuƙin jirgin ruwan nan Kolombus ne Turawan farko da suka bar rubutu a kan rakun. Dalilin wannan magana shi ne, a ƙarshen watan Oktoba na 1492, da suka sauka a tsibirin Kyuba, littafin tafiyar Kolombus ya ambaci karnukan da suka tarar a gidajen mutane waɗanda ba sa haushi, daga baya kuma wasu marubuta suka ce ai waɗannan bebayen karnuka rakun ne. Ni dai wannan fassara ba ta kwanta mini ba. Masu tonon kayan tarihi sun samu ƙasusuwan karnuka na gaske a matsugunan mutanen waɗannan tsibirai, sa'annan binciken da masana biyu, Helgen da Wilson, suka wallafa a 2003 ya nuna cewa rakun ɗin da aka samu a tsibiran Bahamas da Gwadalup da Barbados mutane ne suka kai su daga babban yankin ƙasa a 'yan ƙarnonin baya. Ƙari a kan haka, ainihin littafin Kolombus ya ɓata, abin da ya rage shi ne taƙaitawar da wani malamin kirista, Bartolomé de las Casas, ya yi masa. Saboda haka idan za ki kawo batun Kolombus a aji, ki kawo shi a matsayin zance mai saɓani a kai.

Bayani na farko mai gamsarwa daga ƙasar Meziko ya fito. Wani malamin kirista ɗan Sifaniya mai suna Bernardino de Sahagún ya shafe shekaru masu yawa yana zama da dattawan Aztek, yana tambayarsu al'adunsu da tsirrai da dabbobin ƙasarsu, ɗalibansa 'yan ƙasa suna rubutawa da harshensu na Nahuwatil, aka kammala aikin wajen 1577. A kashi na 11 na wannan kundi an siffanta wata 'yar dabba mai suna mapachitli, aka ce hannuwanta da ƙafafunta kamar na mutum suke, tana ɓarnata gonar masara tun tana ɗanya, tana hawa bishiya ta ci 'ya'yan itace, idan lokacin sanyi ya zo babu masara sai ta koma cin ɓeraye da ƙwari, wani lokaci ta miƙe a kan ƙafa biyu, kuma duk abin da ta samu sai ta sace. Duk wanda ya san rakun a yau ba zai goge ko layi ɗaya daga wannan bayani ba, kuma dalili a fili yake, domin manoman da dabbar ke cinye wa masara ne suka ba da shi. Daga wannan kalma ce Sifaniyawa suka samu sunan mapache da suke amfani da shi har gobe, ma'anarta kuwa tana komawa ga mai ɗaukar abu da hannu. A daidai wannan zamani ne Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya aika likitansa Francisco Hernández zuwa Meziko a 1570 domin ya tattara bayanan tsirrai da dabbobi, ya yi shekara bakwai yana wannan aiki, shi ma ya ambaci dabbar, sai dai ainihin kundayensa sun ƙone a gobarar fadar Eskoriyal ta 1671.

Sunan rakun kansa daga wajen Ingilishi ya biyo, su kuma aro suka yi. A 1607 suka kafa matsuguninsu na Jamestown a yankin Birjiniya, a watan Disamba na wannan shekarar kuma mayaƙan ƙasar suka kama ɗaya daga cikin shugabannin baƙin, Kyaftin John Smith, suka kai shi gaban babban sarkinsu Powhatan. Smith ya rubuta cewa ya tarar da sarkin lulluɓe da wani babban mayafi na fatun wata dabba, jelolin duk suna reto. Abin sha'awa shi ne yadda kunnensa ya yi ta kokawa da kalmar: a rubutunsa na 1608 ya sa rahaughcums, a na 1612 ya sa aroughcun, a na 1624 kuma rarowcun. Wani Bature da ya zauna a Jamestown bayansa, William Strachey, shi kuma arathkone ya ji. Kada wannan ya ba ki mamaki, domin haka Baturen Ingila Clapperton ya yi da garuruwanmu lokacin da ya zo a 1824, ya rubuta Sackatoo yana nufin Sakkwato, ya rubuta Kashna yana nufin Katsina. Baƙon kunne abin da ya iya kamawa yake saukewa. Masana harsunan wannan yanki sun fassara kalmar ta asali da mai goge abu ko mai yaƙushi da hannu.

A nan ne nake so ki tsaya da ɗalibanki. Mutanen Meziko da mutanen Birjiniya, tsakaninsu akwai tafiyar dubban kilomita, harsunansu kuma ba dangin juna ba ne, amma duka biyu hannun dabbar suka duba suka raɗa mata suna. Su kuwa matafiya, kowa dabbar garinsu ya tuna. Smith ya ce tana kama da wata dabbar Ingila mai haƙa rami, dangin dage, sai dai ita a kan bishiya take zama. Strachey ya kwatanta jelarta da ta yanyawar ƙasarsu. William Wood, wanda ya rubuta labarin yankin arewa maso gabashin Amurka a 1634, ya ce gashinta mai kauri ne, jelarta irin ta yanyawa ce, namanta kuma ya kai na ɗan rago daɗi. Bai kamata mu yi musu dariya ba, tunda mu ma da muka ga dogon wuya a daji raƙumin dawa muka ce, mai zane-zane kuma muka ce jakin dawa, alhali ba raƙumi ba ne na farkon, na biyun ma ɗan uwan jaki ne kurum. Mutum da abin da ya sani yake auna abin da bai sani ba.

Sai kuma Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin da ya shimfiɗa tsarin suna biyu da kike koyarwa. Shi bai taɓa taka Amurka ba, amma ya riƙe rakun mai rai a lambunsa na garin Uppsala, kyauta daga yarima mai jiran gado Adolf Fredrik, sunan dabbar Sjupp. Ya rubuta yadda take son ƙwai da busasshen inabi da kayan zaƙi, har takan laluba aljihun baƙi tana neman abin da suka ɓoye. A 1747 ta haura shinge, wani kare ya kashe ta, Linnaeus ya feɗe gawar ya wallafa bayaninta. Da ya ga tana taka ƙasa da dukan tafin ƙafa kamar dabbar beyar, sai ya sa ta cikin wannan dangi. A 1740 ya kira ta beyar mai doguwar jela, a 1758 kuma ya ba ta suna Ursus lotor, wato beyar mai wanki. A 1780 wani Bajamushe mai suna Storr ya cire ta daga dangin beyar ya buɗe mata nata gida, Procyon, kalmar Girkanci mai nufin kafin kare. Sunan da ke littafinki ke nan: rabinsa yana maganar kare, rabinsa yana maganar wanki, dabbar kuwa ba kare ba ce, kuma kamar yadda za ki gani a ƙasa, wankin ma akwai magana a kansa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a wata kwaleji a nan Kaduna. Na ga hoton bidiyo a waya, rakun yana tsoma abinci a ruwa yana cuɗawa kafin ya ci. Shin gaskiya ne tsabta ce ke sa shi haka?

Amsa: Ɗana, abin da ka gani gaskiya ne, fassarar ce ke da gyara. Turawa da yawa a kan wannan ɗabi'a suka gina sunan dabbar: Faransawa suna cewa raton laveur, Jamusawa suna cewa Waschbär, duka biyun da wanki a ciki. Amma ka lura da cewa waɗanda suka raɗa waɗannan sunaye rakun na keji ko na lambu suka fi gani. A daji, rakun yakan bi bakin rafi da dare, ya tsaya cikin ruwa marar zurfi, ya zura hannuwansa biyu ƙarƙashin duwatsu da cikin laka yana lalube, fuskarsa na kallon wani wuri dabam kamar mace mai tsintar tsakuwa a shinkafa tana hira. Da ya ji motsin ƙaguwa ko kwaɗo sai ya cafke, ya jujjuya shi tsakanin tafukansa, ya yar da abin da ba ya so, sa'annan ya kai baki. Wanda aka tsare aka ajiye masa abinci a kwano da ruwa a gefe, sai ya maimaita wannan lalube da ya gada, mai kallo kuma ya ɗauka wanki ne. An ga yana tsoma abinci mai tsabta, an kuma ga yana cin mai datti ba tare da ya nemi ruwa ba.

Sirrin yana cikin hannun. Yatsu biyar ne dogaye a kowane hannu, kuma kusan kashi biyu cikin uku na sashen ƙwaƙwalwarsa mai karɓar saƙon gaɓoɓin ji, aikin taɓawa aka ware wa. Fatar tafin tana yin laushi idan ta jiƙa. A da an yi ta cewa rakun ba shi da isasshen yawu ne shi ya sa yake jiƙa abinci, amma bincike ya nuna wannan ba haka ba ne. Ka ga ke nan mutanen Powhatan da suka ce mai gogewa da hannu sun fi Linnaeus kusa da gaskiya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na yi ritaya ina zaune a Barnawa. Jikana ya karanta mini cewa wani Bature ya rubuta wai rakun yana kamun ƙaguwa da jelarsa. Ni wannan ya yi mini kama da tatsuniyar Gizo. In har irin wannan suke rubutawa, me zai sa a yarda da sauran labaransu?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikanka bai yi ƙari ba. Baturen shi ne John Lawson, ma'aunin ƙasa ɗan Ingila wanda ya tashi daga garin Charleston a ƙarshen shekarar 1700 ya ratsa cikin ƙasar Karolina, yawanci a ƙafa, tare da 'yan ƙasa masu nuna hanya, ya wallafa labarin tafiyarsa a 1709. Bayan shekara biyu, a 1711, mutanen Tuskarora suka kashe shi a rikicin ƙwace musu ƙasa. Ga abin da ya ce a taƙaice: rakun yakan je bakin fadama ya tsaya a tudu ya saki jelarsa cikin ruwa, ƙaguwa ta ɗauka abinci ne ta maƙale, shi kuma da ya ji ta kama sai ya yi tsalle gaba ya fizgo ta tudu ya cinye. Ya kuma ce masu zama bakin teku suna fakon kawa, wannan halitta mai ɓawo biyu, idan ta buɗe su zura hannu su zaro naman, wani lokaci ta rufe da hannun a ciki ta riƙe dabbar har ruwan teku ya cika ya nutsar da ita. Ya ƙara da cewa idan an kama rakun yana ƙarami yana saurin sabo da mutane, amma babu halittar da ta kai shi shaye-shaye idan ya samu abin sha mai zaƙi da ƙarfi, kuma ya fi biri ɓarna.

Yanzu mu tankaɗe wannan bayani, Baba. Cewa rakun na bakin teku yana cin kawa da ƙaguwa gaskiya ne, masana na yau sun tabbatar. Cewa ƙarami yana sabo da gida kuma yana da ɓarna da son zaƙi shi ma gaskiya ne, domin Pehr Kalm, ɗalibin Linnaeus da ya zagaya arewacin Amurka daga 1748 zuwa 1751, ya rubuta irin haka ba tare da ya dogara da Lawson ba: ya ce ana iya horar da rakun har ya riƙa yawo a titi kamar dabbar gida, amma ba a iya raba shi da sata, dole a ɓoye sukari da duk wani abin zaƙi, kaji kuma ba su tsira ba. Batun jela kuwa, a nan hancinka ya shaƙo daidai. Labarin dabbar da ke kamun kifi da jela tsohuwar tatsuniya ce da ake yi a Turai da kuma tsakanin 'yan asalin Amurka, kuma dabbar da Allah ya hore wa hannu irin wannan ba ta da dalilin miƙa jelarta ga ƙaguwa. A ganina Lawson a bakin wuta ya ji wannan labari da dare, ya yi masa daɗi, ya sa shi a littafi kusa da abin da ya gani da ido ba tare da ya raba su ba. Marubutan da suka biyo bayansa kuma suka yi ta kwafa, kowa yana ɗauka daga na gabansa, har maimaitawar ta sa labarin ya yi kama da tabbatacce.

Amma ba za a zubar da tuwo don an ga tsakuwa guda ba. Malamanmu na hadisi sun daɗe da koya mana bambanci tsakanin wanda ya ce na gani da wanda ya ce an ce, da kuma duba ko wani mai ruwaya na dabam ya zo da irin maganar. Da wannan ma'auni za a karanta matafiya. Misalin rubutu mai nauyi shi ne na Lewis da Clark, waɗanda shugaban Amurka Jefferson ya aika su ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806. A watan Fabrairu na 1806, suna sansaninsu kusa da inda kogin Kolambiya ke shiga tekun Pasifik, Lewis ya rubuta cewa akwai rakun da yawa a dazukan wannan gaɓa, mutanen wurin suna kama kaɗan da tarko, amma ba su ɗauki fatar da daraja sosai ba, ba kasafai suke yin mayafi da ita ba. Babu ado a wannan magana, babu abin al'ajabi, sai wuri da lokaci da abin da aka gani, kuma irinta ce ke da amfani ga masani na yau mai son sanin iyakar inda dabbar ta kai kafin a sare dazuka. Ka kuma haɗa ta da mayafin Powhatan, za ka ga fatar da sarki ke lulluɓa da ita a gabas, a yamma ba a damu da ita ba. Tun kafin su ma, a 1778, Kyaftin Cook ɗan Ingila ya lissafa fatar rakun cikin fatun da mutanen Nootka suka kawo wa jiragensa domin musaya, a gaɓar yammacin ƙasar Kanada ta yau.

Wani abu da ya kamata a riƙa tunawa shi ne cewa yawancin waɗannan mutane ba don son dabbobi suka fita ba. Kamfanoni da sarakuna ne suka ɗauki nauyinsu, shi ya sa tambayarsu ta farko a kan kowace dabba ita ce ko ana ci, ta biyu kuma ko fatar za ta yi kuɗi. Kalm ya ambaci cewa masu yin huluna suna amfani da gashin rakun, Wood kuma ka ji yadda ya yaba naman. Rubutun da aka yi domin jawo mutane su yi ƙaura zuwa sabuwar ƙasa, dole a sa ran za a zuzuta yalwar namanta.

Tambaya: Malam, ina da gidan kaji a wajen Rigachikun. Kwanakin baya wata dabba ta riƙa shigo mana da dare tana kashe kaji tana fasa ƙwai. Maigadina ya haska ta da tocila, ya ce tana da baƙi a idanu da zane a jela. Ƙanena ya nuna masa hoton rakun a waya, ya ce wallahi ita ce. Shin akwai rakun a Kaduna?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Babu rakun a dajin Kaduna, babu shi a dajin Afirka baki ɗaya. Asalinsa daga kudancin Kanada ne zuwa Panama. Inda duk aka same shi a wajen nahiyar Amurka, mutum ne ya kai shi. A Jamus an saki guda huɗu, maza biyu mata biyu, a gefen tafkin Edersee a 1934, wasu kuma suka tsere daga gidan kiwon dabbobin fata a gabashin Balin a 1945, yau sun cika garuruwa irin su Kassel suna kwana a rufin gidaje. A Japan wani shirin katun na talabijin da aka nuna a 1977 ya sa mutane suka yi ta sayo 'ya'yan rakun domin kiwo, da suka girma suka fara cizo da ɓarna aka sake su a daji. Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin baƙin dabbobi masu cutar da muhalli a 2016.

Maigadinka bai yi ƙarya ba, abin da ya same shi shi ne abin da ya samu Smith da Strachey: ya ga dabba cikin duhu na ɗan lokaci, aka nuna masa hoto mafi kusa, ya ce ita ce. Dabbobi biyu nake zargi. Ta farko jibda, wadda wasu ke kira magen juda, wadda ake tatsar turare daga jikinta. Ita ce a duk dabbobinmu ta fi kama da rakun a fuska, domin tana da baƙin zane da ya ratsa idanu da fari-fari a gefen baki, jelarta kuma tana da zobe daga tushe. Na taɓa ganin fatarta a shimfiɗe a gaban wani mai maganin gargajiya, na tsuguna na duba: jikin duk ɗigo-ɗigo ne baƙi a kan toka-toka, da wani dogon baƙin gashi da ya bi tsakiyar baya tun daga wuya har jela, wanda takan miƙar idan ta fusata. Rakun ba shi da ɗigo ko ɗaya a jiki, launinsa toka-toka ne bai ɗaya. Jibda tana iya kai kilo 15 ko fiye, ba ta iya hawa sosai ba, ta ƙasa take shiga, kuma tana da wuri guda da take zuwa kashi kullum, wanda za ka iya samu a bayan shinge cike da ƙwallayen 'ya'yan itace. Ta biyu inyawara, siririya mai doguwar jela mai zobe tun daga tushe har ƙarshe, gwanar hawa, wadda ke iya kutsawa ta duk ramin da kanta ya shiga, kuma ta yi suna wajen kashe kaji fiye da abin da za ta ci.

Wani abin mamaki, wanda Malamar Tudun Wada za ta so ta ji, shi ne cewa duk da kamar fuska, jibda da inyawara ta ɓangaren dangin kyanwa suke, rakun kuwa ta ɓangaren dangin kare yake, kuma danginsa na kusa a dajinmu su ne dage da bodari da karen ruwa. Ashe kwatancen Smith na 1612 ya fi na Linnaeus dacewa, ko da yake shi Smith da ido kawai ya auna.

Domin ka tabbatar da ɓarawon kajinka, ka sa a tankaɗe toka a baza ta a bakin ɗakin kajin da gefen shinge da yamma, a duba da sassafe kafin kaji su tattake. Sawun rakun kamar tafin jariri yake, yatsu biyar dogaye a baje, kuma ba za ka gan shi ba. Idan ka ga sawu mai kama da na ƙaramin kare da alamar farce a gaba, jibda ce, sai a binne ƙasan ragar waya cikin ƙasa kamar kamu biyu, a toshe duk inda aka yi haƙa. Idan kuwa sawun ƙanana ne kamar na kyanwa, ko ka ga babu sawu a ƙasa amma an yi ɓarna, to inyawara ce ta bi ta sama, sai a duba tsakanin bango da kwanon rufi, a rufe duk kafar da hannun yaro zai iya shiga da raga mai ƙananan idanu, a kuma sare reshen da ya sunkuyo kan ɗakin. A daina barin fasassun ƙwai da matattun kaji a bayan gida, domin warinsu ne ke kiran duka biyun.